Farar Kwalar da Ke Wuyan Sarakunan Turai na Da

Tambaya: Ni tela ce, kuma na sha ganin hotunan Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta Ingila da wani farin abu mai faɗi kamar faifai kewaye da wuyanta. Shin leshi ne irin wanda muke ɗinkawa, kuma mene ne sunansa?

Amsa: Malama, abu biyu ne a haɗe a wuyan nan, kuma sai an raba su sannan sunayen suke zama daidai. Akwai ita kwalar, wadda farin yadin lilin ne mai laushi, sannan akwai leshin da aka ɗinka a bakinta domin ado. Leshin da kike saya a kasuwa yadi ne da inji ya yi wa aiki a kai, irin wanda aka daɗe ana kawowa Nijeriya daga Ostiriya da Suwizalan. Na wancan zamani da hannu ake yin sa, da zare tsantsa. Wanda ake yi da allura, birnin Venis na Italiya ne ya shahara da shi. Da fari ana zare wasu zaruruwa daga jikin lilin a cike gurbin da zane, ana kiransa reticella, wato ƙaramar raga, daga baya kuma aka bar yadin gaba ɗaya, aka kira aikin punto in aria, ma'ana ɗinki a cikin iska. Ɗaya nau'in, wanda ya yi ƙarfi a yankin Filandas na Beljiyam ta yau, a kan matashi ake saƙa shi: a kafa fil bisa zane, a riƙa sarƙa zaruruwan da aka naɗe a jikin 'yan sandunan katako masu yawa, ana musanya su da yatsu.

Zagayayyar kwalar nan Turawan Ingila suna kiranta ruff. Asalinta 'yar tattara ce a wuyan rigar ciki, wadda ta riƙa girma a tsakiyar ƙarni na 16 har ta rabu da rigar ta zama abu mai zaman kansa. Abin da ya ba ta damar girma shi ne sitati, wanda wata mata 'yar Filandas, Dinghen van der Plasse, ta koyar da aikinsa a Landan daga 1564. A matsayinki na tela, nan ne za ki ga wahalar aikin. Ana tattara dogon ƙyalle mai yadi da yawa a kan siririn maɗauri, a jiƙa shi da sitati, a shanya, sannan a ɗauki sandar ƙarfe mai zafi a riƙa cusa ta cikin kowace tattara, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, har bakin kwalar ya fito kamar an jera lamba 8. Da ruwan sama ya taɓa ta, ko aka wanke ta, sai ta langaɓe, a sake aikin daga farko. Wannan ne ya sa ta zama shaidar arziki, domin ba mai iya ɗaura ta kullum sai wanda yake da masu yi masa hidima.

Kowace ƙasa ta raɗa mata suna daga abin da ta yi kama da shi a idonta. Mutanen Holan da Jamus sun ce dutsen niƙa, mutanen Sifaniya suka ce lechuguilla, wato ƙaramin latas, saboda lanƙwasar ganyensa, Faransawa kuwa fraise suke cewa. Idan ta yi faɗi sosai, sai a saka mata madogari na waya ta ƙarƙashi, mai suna supportasse. Wani nau'in madogarin ana kiransa piccadill, kuma titin Piccadilly na Landan ya samo sunansa ne daga gidan Robert Baker, telan da ya yi arziki da sayar da su. Wadda take buɗe ta gaba, ta miƙe a bayan kai kamar mafici, ita ce daga baya aka sa wa sunan Medici, dangin sarauniyar Faransa Marie.

A ganina, abin da ya fi amfani shi ne lura da yadda kwalar ta tsaya, domin shi ke nuna zamanin hoto. Sarki Filib na Huɗu na Sifaniya ya hana ɗaura lechuguilla a 1623 saboda tsadarta, aka maye gurbinta da golilla, ƙaramar kwala mai tauri marar leshi. A Ingila da Faransa kuwa, wajen 1630 kwala ta kwanta a kan kafaɗa da leshi mai faɗi a bakinta, ana kiranta falling band, kuma ita ce za ki gani a hotunan Sarki Charles na Ɗaya da mai zane Van Dyck ya yi.

Zagayayyar ba ta ɓace gaba ɗaya ba, domin limaman cocin ƙasar Denmak suna ɗaura ta har yau. Kwantacciyar kuwa ta yi ta ƙanƙancewa, leshinta ya fita, har ta koma fararen ƙyallaye biyun nan da ke rataye a wuyan lauyoyi da alƙalan manyan kotunan Nijeriya.