Amsa kan zancen lanhon masallatai da coci-coci

Salamu alaikum jama'ar gurup, barkanmu da yamma. Ƙanena na saurari muryarka, kace don mi mu 'yan kasuwa kullum ana binmu da patanti (harajin kasuwanci) da lanho (haraji) amma masallatai da coci-coci ko dala ba su biya, wai in adalci ake so a aza musu su ma. To tsaya ka ji, zancen nan kashi biyu ne kuma ka gama su wuri guda.

Shi ginin da ake ibada cikinai, masallaci ne ko coci, mi yake saidawa? Kuɗɗin da ke shiga sadaka ce ta mutanen da sun riga sun biya nasu lanho, da ita za a biya wuta da ruwa, a sai tabarmi, a gyara rufi in damana ta zo. Wannan ni ban ga dalilin taɓa shi ba. Amma fa in kwamitin masallaci ya jera butik-butik jikin katanga yana amsar haya duk wata, ko wata ƙungiya ta shigo da kamyo cike da shinkafa da sunan taimako, duwan (kwastan) ta yahe mata, sannan ka iske buhunnan a kasuwa ana saidawa ƙasa da farashinmu, yo wannan ai kasuwanci ne, a biya kamar kowa, kuma a nan ina bayanka ɗari bisa ɗari.

Abin da ni ke ba ni tsoro daban ne, shi ne ranar da lanho zai koma bulala hannun mai iko. Ku dubi Faransa, ƙasar da ta raba addini da gwamnati tun 1905. Sun tashi sunka aza ma Shaidun Jehobah, wata ƙungiya ta Kirista, harajin kashi 60 cikin 100 bisa kyautar da mabiyansu sunka ba su daga 1993 zuwa 1996, kuɗɗin da in an biya ƙungiyar ta durƙushe. Sai da zance ya kai kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, a 2011 ta ce Faransa ta taka 'yancin addini, daga baya aka ce ta maida sama da Yuro miliyan 4. Ni ba aƙidarsu nike bi ba, kun sani, amma ka lura ba a kulle musu ƙofa ba, ba a kama kowa ba, takardar lanho kawai aka aika. Gobe wata gwamnati na iya yi ma Izala haka ko 'yan ɗarika, ya danganta da wanda wa'azinai ya ɓata mata rai.

Amurka kuma an yahe ma wuraren ibada harajin, amma tun 1954 akwai doka mai cewa in kana son yahiyar to kar ka hito ka goyi bayan ɗan takara. Kun ga ashe ita ma ba kyauta ba ce. Jamus su gwamnati ce ma ke amsar ma coci kuɗɗi daga mabiyanta, kashi 8 ko 9 cikin 100 na harajin albashin mutum, wannan ko a mafarki ba zai yi nan ba.

Mu nan Maraɗi ai mun san zahin abin. A 2019 da aka kawo dokar tsara harkar ibada, gari ya ɗau zahi har aka ƙone coci, alhali Kiristocin nan maƙwabtanmu ne, kuma wa bai san asibitin Danja ba, da na Galmi da 'yan mishan sunka buɗe tun 1950, musulmi ne sunka hi cika layin. Shi ya sa nike cewa in za a yahe a yahe ma kowa da ma'auni guda, a rubuce, duk ƙungiyar da ke da takardarta ta ministan cikin gida ta san haƙƙinta, ba sai wanda ke da ɗan'uwa a Yamai ba. Su kuma kwamitoci su riƙa karanta lissahi gaban jama'a bayan Juma'a, ko sau guda a shekara, don rashin haka ne ke sa matasa irinka zargi. Wanda ke cikin kwamitin masallacin unguwarsu a gurup ɗin nan ya gaya muna ko suna yi. Sai anjima, an kira magariba.