Jari ne ya yi mini kaɗan, ko akwai wani abu daban?

Tambaya: Shekara 6 ke nan ina da shagon ɗinki da ma'aikata 3. Aiki ba ya yankewa, amma har yau ina nan inda nake. Wadda muka fara tare, jarinmu kusan ɗaya, ta buɗe reshe na biyu. Kowa na ce mini in ci bashi in ƙaro kekuna. Me ke sa wata ƙaramar sana'a ta haɓaka, wata kuma ta tsaya cak, musamman a ƙasashe masu tasowa?

Amsa: Malama, Allah ya ƙara buɗi. Kafin ki sa hannu a takardar bashi, mu tsaya a kan maganarki guda: aiki ba ya yankewa. Wanda babu mai leƙo shagonsa, kasuwa ce matsalarsa. Amma idan ciniki na zuwa aljihu bai shaida ba, tulun ne ke yoyo, kuma ƙara masa ruwa ba zai liƙe shi ba.

Ba raina maganar jari nake yi ba. A 2017 hukumar IFC, reshen Bankin Duniya mai hulɗa da 'yan kasuwa, ta ƙiyasta cewa kashi 40 cikin 100 na ƙanana da matsakaitan kamfanoni masu rajista a ƙasashe masu tasowa ba sa samun rancen da suke buƙata, giɓin da ya kai dala tiriliyan 5.2 a shekara. A Sri Lanka kuma an taɓa jefa ƙuri'a aka raba wa masu ƙananan sana'o'i kyautar dala 100 ko 200, aka bi sawunsu. Kuɗin ya riƙa haifar da ribar wajen kashi 5 cikin 100 kowane wata. Sai dai a wurin maza aka ga wannan ribar. A wurin mata kusan babu. Da wasu masana suka sake tona alƙaluman, haɗe da na Indiya da Ghana, sai aka gano ba rashin iyawa ba ne. A gidajen da mijin ma ke da sana'a, sau da yawa can kuɗin ke zarcewa. Inda matar ce kaɗai mai sana'a a gidan, ribar ta fito.

Shi kuwa rance, gwaje-gwajen da aka wallafa a 2015 daga ƙasashe 6, ciki har da Habasha da Maroko da Meziko, sun nuna ƙananan rance na ɗan taimakawa, amma bai cika sauya rayuwar mai karɓa ba. Wani ɓangare na laifin yana ga tsarin biya. Idan za a fara karɓar kuɗi daga makon farko, ta yaya keken da aka saya jiya zai biya kansa? A Kolkata ta Indiya, matan da aka ɗaga wa ƙafa wata 2 kafin su fara biya sun fi zuba kuɗin a sana'a kuma sun fi cin riba, ko da yake waɗanda suka kasa biya ma sun ƙaru.

Abin da na fi zargi a shagonki shi ne tafiyar da aikin kansa. A kusa da Mumbai an tura ƙwararru wasu masaƙu, ba su kawo sabon inji ko ɗaya ba. Sun sa ana rubuta kowane aibi da ya fito a yadi da musabbabinsa, ana ƙirga zaren da ke sito, ana duba inji kafin ya lalace. Cikin shekara guda abin da ake samarwa da kayan aiki iri ɗaya ya ƙaru da kashi 17 cikin 100. Waɗancan masaƙu sun fi shagonki girma nesa ba kusa ba, amma tambayoyin ɗaya ne. Riga nawa ake warwarewa a sake ɗinkawa a mako? Yadi nawa ke tafiya a ƙyalle? Mutum nawa suka karɓi kaya da alkawarin "zan aiko"? A Jamhuriyar Dominika an gwada koya wa masu ƙaramin jari lissafin akanta na sosai, wasu kuma aka ba su ƙa'idoji masu sauƙi: a raba aljihun tebur biyu, na shago daban na gida daban, mai shago ya yanka wa kansa albashi. Waɗanda aka ba ƙa'idoji masu sauƙin ne suka fi aiki da abin da aka koya musu.

Sai kuma wanda kike yi wa aikin. A garin Fowa na Masar an haɗa wasu masu saƙar darduma da masu saye daga ƙasashen waje. Ribarsu ta hau da kashi 16 zuwa 26 cikin 100, alhali yawan abin da suke saƙawa a awa raguwa ya yi. Mai sayen ne ke da tsantseni, yana dawo da kaya yana nuna inda aka kauce, har hannunsu ya faɗa. Ina kyautata zaton a nan abokiyarki ta yi miki nisa. Ki bincika: wataƙila ta samu mai ba ta aiki da yawa a kai a kai, ko ta ƙware a iri ɗaya da ba kowa ke yi ba. Shago 10 a jere masu ɗinki iri ɗaya ba su da makamin gasa sai karya farashi. A Togo, horon da ya koya wa masu sana'a neman abin da zai bambanta su, da zuwa wurin mai saye maimakon jiransa, ya ƙara musu riba da kashi 30 cikin 100, horon kasuwanci na gargajiya kuwa bai yi wani tasirin kirki ba.

Wutar lantarki, hanya, haraji da tsadar kayan da ake shigowa da su duk suna cin riba, babu musu. Amma ku biyun suke ci, don haka ba su ne bambancinku ba. Rajista ma tana da amfani ranar da za ki nemi kwangila ko rancen banki, ita kaɗai ba ta kawo ciniki.

Ki sayi littafi, ki yi wata 3 kina rubuta duk abin da ya shigo da wanda ya fita, har da abin da kika ɗauka don gida, da bashin da kike bi, da kuma aikin da kika mayar saboda ba keke ko ba hannu. Idan wannan shafi na ƙarshe ya cika, kuma ribar aikin da kika mayar ta fi abin da za ki riƙa biya kowane wata, ki nemi rancen, ki roƙi a ɗaga miki ƙafa kafin biyan farko. Idan shafin ya zauna fayau, sabon keke ƙura kawai zai tara.