Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Zama da Hawan Jini, Ciwon Suga, Sikila da Asma

Tambayoyin da muka zaɓo a wannan karo sun fito ne daga mutanen da ke ɗauke da ciwon da ba ya warkewa gaba ɗaya, sai dai a iya zama da shi. Amsoshin ba za su maye gurbin ganin likitan da ya san tarihin mai ciwo ba.

TAMBAYA: Likita, shekarata 54, ina zaune a Funtuwa. Shekara biyu ke nan ina shan amlodifin saboda hawan jini, yanzu kuma duk lokacin da na je awo sai a ce jinina ya daidaita. Ƙafafuna suna ɗan kumbura da yamma. Abokaina sun ce in daina ƙwayar in koma zoɓo da tafarnuwa. Mene ne shawararka?

AMSA: Malam, jininka ya daidaita ne saboda kana shan maganin, kuma ranar da ka ajiye shi, cikin kwanaki ko makonni kaɗan zai koma inda yake, ko da ba ka ji komai a jikinka ba. Mafi yawan masu hawan jini ba sa jin ciwon kai ko jiri, amma matsin jinin yana nan yana cin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda da ido a hankali. Da yawa daga cikin waɗanda ake kawowa asibiti da shanyewar ɓarin jiki, in ka bincika, za ka tarar sun san suna da ciwon, sun sha magani na wani lokaci, sannan suka daina da suka ji sauƙi.

Kumburin ƙafa sanannen abu ne ga masu shan amlodifin, musamman idan ƙarfinsa ya kai miligiram 10, kuma yawanci ba shi da hatsari. Duk da haka ka nuna wa likita, domin ciwon zuciya da na ƙoda su ma suna kumbura ƙafa. Idan ya tabbata maganin ne, za a iya rage shi a haɗa da wani, ko a sauya shi gaba ɗaya. Sauyawar aikin likita ce, kada ka bar ta a hannun mai kemis ko abokan hira.

Game da zoɓo, an yi wasu ƙananan bincike da suka nuna yana ɗan sassauta hawan jini, sai dai wannan bai isa ya sa a ajiye magani ba, kuma zoɓon da ake sayarwa a bakin hanya yakan ƙunshi suga mai yawa. Ka sha naka na gida ba tare da suga ba idan kana so, ka ci tafarnuwa a miya, amma ƙwayarka ta ci gaba.

Abin da ya fi zoɓo tasiri shi ne rage gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan lissafi ya haɗa da gishirin da ba a gani. Dunƙulen da ake jefawa a miya yawancinsa gishiri ne, akwai shi da yawa kuma a yajin tsire da kilishi da sinadarin da ke cikin ledar taliyar yara da kifin gwangwani. Kanwa ma tana ɗauke da sinadarin sodiyam, irin wanda ke cikin gishiri, kuma tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da alaƙa tsakanin yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Ka roƙi uwargida ta rage dunƙule da gishiri sannu a hankali, ta ƙara daddawa da citta da albasa da tafarnuwa. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, kuma duk gidan zai amfana.

Ka kuma guji diklofenak da ibufurofen da haɗin ƙwayoyin da ake ƙulla wa mutane a leda don ciwon jiki, domin suna ɗaga jini kuma suna lahanta ƙoda. Idan za a yi maka awo, ka zauna minti 5 tukuna, bayanka a jingine, ƙafafunka a ƙasa, kada ka ci goro ko ka sha sigari rabin awa kafin awon, sannan ka riƙa rubuta sakamakon da kwanan wata a ƙaramin littafi. Idan ka ga yana yawan kai 140 bisa 90 ko ya haura, ka koma asibiti. Karkacewar baki, ko harɗewar harshe, ko mutuwar hannu ko ƙafa farat ɗaya kuwa, ba a jira gari ya waye.

TAMBAYA: Ni mace ce mai shekara 47 daga Katsina, ina da ciwon suga. An ce mini in daina tuwo da shinkafa, sai alkama da acca da wake kawai. Wallahi na gaji, har na fara ƙin abinci. Kuma shin zan iya sa zuma a shayi a madadin suga?

AMSA: Hajiya, wannan dokar da aka kafa miki ta yi tsauri fiye da kima, kuma ba ta da tushe mai ƙarfi. Tuwon alkama, musamman na garin da aka niƙa ya yi laushi, yana ɗaga suga kusan kamar tuwon masara ko na dawa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne yawan abin da kika ci a zama ɗaya da kuma abin da kika haɗa shi da shi. Ki raba farantinki: rabi ya zama ganye da kayan lambu, irin su zogale, rama, alayyafo, kabeji, kuɓewa da yalo, kashi ɗaya cikin huɗu ya zama wake, kifi, ƙwai, awara ko nama marar kitse, sauran kashi ɗayan kuma tuwo ko shinkafa, malmalar da ba ta wuce girman dunƙulen hannunki ba. A wannan tsari za ki iya cin abin da aka dafa wa kowa a gidan, ba sai an ɗora miki tukunya daban ba.

Inda ya kamata ki tsaurara shi ne abin sha. Lemon kwalba, kunun zaƙi, furar da aka zuba wa suga, da shayi mai madarar gwangwani mai zaƙi, duk suna shiga jini da sauri. Zuma abinci ne mai daraja, amma a wajen ɗaga sugan jini ba ta da wani babban bambanci da suga, saboda haka ba ta zama madadi ba. Dabino ma haka yake: ɗaya ko biyu, kada ya zama tafin hannu guda.

Ƙin abinci yana da nasa hatsarin, musamman idan kina shan gilibenkilamid ko kina allurar insulin. Idan kika ji rawar jiki, gumi, yunwa mai tsanani, bugun zuciya ko ruɗewa, sugan ne ya faɗi. Ki sha ruwan da aka dama da cokalin shayi uku zuwa huɗu na suga nan take, bayan minti 15 ki sake aunawa, sannan ki ci abinci. Ki sanar da mutanen gidanki waɗannan alamomi, kuma su san cewa wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake kai shi.

Ba ki yi tambaya a kan ƙafa ba, amma ba zan bar maganar ba, domin a nan ake yawan yin asara. Ciwon suga yana kashe jin ƙafa, har ƙaya ko ƙusa ta soki mutum bai sani ba. Ki duba tafin ƙafarki da tsakanin yatsu kullum, ki tsane su sosai bayan alwala, ki shafa mai a faso amma ban da tsakanin yatsu. Kada ki taka ƙasa ba takalmi ko da a tsakar gida, kada ki kusantar da ƙafa ga kaskon wuta a lokacin sanyi, kuma kada a yanke miki kaushi ko farce da reza. Duk gyambon da ya kwana biyu bai nuna alamar warkewa ba, a kai shi asibiti. A riƙa duba miki ido da ƙoda sau ɗaya a shekara.

TAMBAYA: Ina zaune a wani ƙauye kusa da Damagaram, ina yin allurar insulin sau biyu a rana, ba mu da firji kuma zafi ya yi yawa. Yaya zan adana ta? Sannan zan iya yin azumi?

AMSA: Malam, kwalbar da ba a buɗe ba an fi son ta zauna a sanyin digiri 2 zuwa 8, wadda aka fara amfani da ita kuma takan yi kimanin mako huɗu idan zafin wurin bai wuce digiri 30 ba. A watannin bazara ɗaki yakan wuce haka nesa ba kusa ba. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce ta tukunya cikin tukunya, wadda marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000: a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi mai laima, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ka sa kwalbar cikin robar da ke rufuwa sosai don kada ruwa ya taɓa ta, kuma ka riƙa jiƙa yashin safe da yamma. Kada ka ɗora ta kai tsaye a kan ƙanƙara, domin insulin da ya daskare ya lalace. Ka riƙa sayen kaɗan kaɗan, idan kuma ka ga ta yi gudaji ko ta sauya launi, ka jefar.

Maganar azumi kuwa, mai allura sau biyu a rana yana cikin waɗanda azumi zai iya cutarwa, kuma addini ya yi wa marar lafiya rangwame. Ka ga likitanka wata ɗaya ko biyu kafin Ramadan. Idan ya amince, shi zai sauya maka adadin allurar da lokacinta. Ka jinkirta sahur, ka riƙa auna suga da rana, domin malamai da dama sun bayyana cewa ɗigon jinin yatsa ba ya karya azumi. Idan awon ya sauka ƙasa da 70, wato 0.70 kamar yadda ake rubutawa a takardun asibitocin Nijar, ko ya haura 300, wato 3.00, ka karya azumin nan take ko da saura minti goma a kira magariba.

TAMBAYA: Ɗana mai shekara 7 yana da sikila, kuma duk lokacin hunturu sai ciwon ya tashi. Me zan yi masa a gida?

AMSA: Baiwar Allah, Allah ya ba shi lafiya. Sanyi yana matse jijiyoyin jini, bushewar iskar hunturu kuma tana ƙarar da ruwan jiki ba tare da yaro ya ji ƙishirwa ba, waɗannan biyun ne ke sa ƙwayoyin jininsa masu siffar lauje su cushe a ƙananan jijiyoyi. Ki sa masa rigar sanyi da safa da hula tun da asuba, ki yi masa wanka da ruwan ɗumi idan rana ta ɗaga, kuma ki ba shi gorar ruwa ya tafi da ita makaranta. Ki gaya wa malaminsa ya bar shi ya sha ruwa ya kuma fita fitsari duk lokacin da ya nema. Launin fitsarinsa zai nuna miki ko ruwan ya wadatar: idan ya yi duhu, ki ƙara.

Ya kwana cikin gidan sauro kullum, ya sha folik asid da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro yadda aka rubuta masa, kuma a cika masa alluran rigakafi. Idan ciwo mai sauƙi ya taso, ki ba shi farasitamol daidai nauyinsa, da ruwa mai yawa, ki gasa wurin da tsumma mai ɗumi; kada a sa ƙanƙara. Kada ki bari a riƙa yi masa allurar fentazosin a gida ko a kemis, domin jiki yana sabawa da ita, kuma tana lalata tsoka a wurin da ake yawan sokawa.

Ki garzaya asibiti idan ya yi zazzaɓi da ya kai digiri 38.5, ko ciwon ƙirji da wahalar numfashi, ko ya yi fari fat ya galabaita, ko cikinsa ya kumbura ta ɓangaren hagu, ko wani sashen jikinsa ya yi rauni, ko gabansa ya miƙe da ciwo ya ƙi kwanciya. Ki tambayi likitansa game da maganin haidiroksiyuriya, wanda ke rage yawan tashin ciwon, da kuma hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ake yi wa yara masu sikila daga shekara 2 zuwa 16 don gano waɗanda ke fuskantar shanyewar jiki.

TAMBAYA: Ina da asma, amma ina tsoron abin shaƙa domin an ce idan mutum ya fara ba ya iya dainawa. Gaskiya ne?

AMSA: Ba gaskiya ba ne. Abin shaƙa yana kai magani kaɗan kai tsaye zuwa huhu, saboda haka illarsa ta fi ta ƙwaya sauƙi. Salbutamol, wanda yawanci robarsa shuɗiya ce, yana buɗe hanyar iska a lokacin da numfashi ya sarƙe, amma ba ya magance kumburin da ke haifar da sarƙewar. Idan kana buƙatarsa fiye da sau biyu a mako, ko tari yana tashinka da dare, ka nemi likita ya rubuta maka na kariya, wanda ake shaƙa a kai a kai ko da kana lafiya, ka kuma kurkure baki bayan kowace shaƙa. Ka nuna wa ma'aikacin lafiya yadda kake shaƙar, domin mutane da yawa a baki maganin ke tsayawa. Ka nisanci turaren wuta da maganin sauro na kunnawa da hayaƙin itace, ka rufe hanci da baki idan ƙura ta taso, kuma a yayyafa ruwa kafin a share ɗakin da kake kwana.