Bikin 14 ga Fabrairu a ajin ɗana: wane wasa zan shirya wa yara 22?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malama. Shekararmu biyu da zuwa Bronx a birnin New York. Ɗana mai shekara 5 ya dawo daga makaranta da takarda ɗauke da sunayen 'yan ajinsu 22, wai kowa ya kawo kati ranar 14 ga Fabrairu, kuma malamarsu ta roƙe ni in zo in taya ta hidima na awa ɗaya. Gabana ya faɗi, don mu a gida mun san Balantayin ta samari da 'yan mata ce. Na dai sayo katunan da ke kiɗa in an buɗe su, da zobba masu walƙiya, don rabawa. Maigida ya ce yana tsoron ƙanwar yaron mai wata 16 ta haɗiye wani abu, surukata kuma ta ce a waya ba komai, in ta haɗiya a ɗura mata manja zai fita. Wane wasa mai amfani zan shirya, kuma kayan nan babu matsala?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kwantar da hankalinki game da bikin, ki tashe shi game da kayan da kika sayo.

A ƙananan azuzuwan Amurka maganar abota ake yi a wannan rana. Shi ya sa aka ba ki sunaye 22 cif: ƙa'idar ita ce wanda zai ba da kati ya ba kowa, kada a bar wani yaro da akwati wayam. Mutanen Finland ma Ranar Abokai suke kiranta, a Meziko kuma Ranar Ƙauna da Abota. Hukuncin shiga ko ƙin shiga na malaman addini ne, kuma in kuka zaɓi kada yaron ya shiga, ku rubuta wa malamarsa tun da wuri. In zai shiga, to ga yadda awa ɗayan za ta yi amfani.

Aikin daga gida zai fara. Kada ki rubuta masa sunayen, kuma kada ki bari sai daren jajibiri. Ɗan shekara 5 hannunsa na gajiya bayan suna huɗu ko biyar, daga nan sai kuka da karkataccen rubutu. Raba sunayen kwana biyar, ki ja masa layi da fensir a kan kowane kati, ya kwafa. Akwatin karɓar katuna kuma kwalin takalmi ya isa. Ke za ki yanka bakin, tsawon santimita 12 da faɗin 2, shi kuma ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe a gefe. Ranar bikin kowane yaro zai bi akwatuna yana neman sunan da ya dace da katin hannunsa. Karatu ne yake yi ba tare da ya sani ba, sai dai idan babba ya yi gajen haƙuri ya karɓe katunan ya zuba masa.

A ajin, kada ki tara su 22 a kan aiki ɗaya. Ku kasa su rukuni huɗu, kowane tebur minti 10, a bar sauran lokacin don rabon kati da shara. Tebur na farko na almakashi ne: a ninka takarda biyu, a zana rabin zuciya daga jikin ninkin, a yanka, a buɗe. Kusan kullum za a samu wanda ya yanka ta ɓangaren da yake buɗe, ya tashi da gutsure biyu. Kada ki gyara masa nan take, tambaye shi me ya raba su. Nan darasin yake. Ki nemi almakashin bahago ko guda biyu, don na dama a hannun hagu tauna takarda yake yi.

Tebur na biyu saƙon ɓoye: yaro ya yi rubutu ko zane da farin kyandir a kan farar takarda mai kauri, abokinsa ya shafa fentin ruwa, rubutun ya bayyana saboda kakin ba ya shan ruwa. Abu biyu ke ɓata shi, rashin danna kyandir da ƙarfi da kuma fenti mai kauri da ke binne komai. Na uku lissafi: kowane yaro ya ɗebi ƙananan zukatan takarda 15 masu launi huɗu, ya ware su, ya jera kowane launi a layinsa, ya faɗi wanne ya fi yawa da nawa. Na huɗu shi ne wanda suka fi so. Yaro ya kafa bututun kwalin da ke cikin takardar goge hannu a ƙirjin abokinsa, ya sa kunne, ya ƙirga bugun zuciya na daƙiƙa 15. Sai abokin ya yi tsalle na minti ɗaya a sake ƙirgawa. Ba sai an kai su ga lissafin bugun minti ɗaya ba, su dai ga lamba ta biyu ta fi ta farko, su yi gardamar dalili.

Abinci kuwa, tambayi malamar kafin ki kai komai. Duk abin da ya haɗa da gyaɗa, har ƙuli-ƙuli, ki bar shi a gida, don akwai yaran da ɗanɗano kaɗan ke toshe musu numfashi. Alawar da ɗanki zai dawo da ita kuma ki karanta jikinta, da yawa daga masu taushin nan akwai jelatin a ciki, wanda galibi daga alade ake samo shi.

Yanzu ga maganar da ta fi duk waɗannan. Katin da ke kiɗa da zoben da ke walƙiya, ƙaramin batir ne mai kama da kwabo ke aiki a cikinsu, kuma a kati sau da yawa takarda da gam ne kawai suka rufe shi. Ba yaran aji kaɗai ne abin tsoron ba. Kayan nan gidaje 22 za su shiga, kuma a cikinsu akwai masu rarrafe irin 'yarki. Maigida ya yi gaskiya.

Maganar Hajiya surukarki kuwa, da girmamawa, kuskure ce mai kisa, kuma ba ita kaɗai ba ce. Kullum sai an ji ta: a ɗura manja, a ba shi madara, a sa masa yatsa ya yi amai, a jira ya fita a bayan gida. Likitocin WhatsApp sun ƙara da ruwan gishiri da ɗanyen ƙwai. Duk wannan ya samo asali ne daga ɗaukar batir kamar tsakuwa ko kwabo, abin da matsalarsa kawai wucewa ce. Batir kuwa ba ya buƙatar ya fashe kafin ya yi ɓarna. Idan ya maƙale a hanyar abinci, yawu ne ke haɗa masa wuta, wutar ta sarrafa ruwan wurin ya koma sinadari irin sodar da mata ke yin sabulu da ita. Duk wadda soda ta taɓa zuba mata a hannu ta san abin da nake nufi. Cikin awa biyu naman wurin zai iya ƙonewa sosai. In aka daɗe, ramin na iya ɓullewa zuwa hanyar numfashi ko babbar jijiyar jini da ke fitowa daga zuciya, kuma jinin na iya ɓallewa kwanaki bayan an ciro batirin. Wanda ya fi maƙalewa shi ne mai faɗin milimita 20, irin mai lamba CR2032. Wanda ya mutu har ba ya iya kunna kati ma yana da sauran wutar da za ta ƙona.

In Hajiya na son gani da ido, ki yi mata wannan ta bidiyo, a inda hannun yaro ba ya kaiwa. Sa batir ɗaya tsakanin yanka biyu na ɗanyen nama, ki bar shi awa biyu ko uku, ki buɗe. Za ki ga kumfa da baƙin zobe ya ci cikin naman daidai zagayen batirin. Ki tambaye ta a ina manja zai shiga nan. Manja ba ya kashe wutar, ba ya ture abin da ya maƙale, kuma yaron da ake danne wa hanci ana ɗura masa mai yana iya shaƙe shi zuwa huhu, a samu ciwo na biyu a kan na farko. Amai ma haka. Mafi muni shi ne lokacin da ake ɓatawa ana jiran a ga ko zai fita.

Abin da ke ruɗar iyaye shi ne yaron na iya ci gaba da wasansa. Wani kuma sai dalala, ƙin abinci, tari, amai ko dushewar murya, a ce mura ce. Saboda haka zato kawai ya isa: kin ga kati a yage babu batir, to ki ɗauka an haɗiye. Ki kira 911 ko ki nufi sashen gaggawa nan take, kuma lambar cibiyar kula da guba a duk faɗin Amurka ita ce 1-800-222-1222. Da isarki ki furta kalmar batir tun a bakin tebur, don a yi hoton ƙirji ba tare da an sa ki a layi ba. A hoton batir na nuna zobe biyu, kwabo kuwa ɗaya. Ki tafi da katin ko kwalinsa.

Abu ɗaya tak aka yarda a ba yaro a hanya, zuma: cokalin shayi biyu, wato mililita 10, duk minti 10, har sau shida. Sharaɗi, yaron ya cika shekara ɗaya, yana iya haɗiya, kuma ba a wuce awa 12 da haɗiyewar ba. Zumar na lulluɓe batirin ne ta rage ƙunar kafin a kai ga likita, ba ta ciro shi, kuma ba a tsayawa nemanta a kanti. Jariri ƙasa da shekara ɗaya ba a ba shi zuma ko kaɗan. 'Yarki mai wata 16 ta shiga cikin waɗanda za a iya ba. In kuma a hanci ko kunne aka cusa shi, kada a ɗiga komai, ruwa ƙara wa wutar ƙarfi yake yi.

A 2022 Amurka ta yi dokar da ta tilasta a tsare gidan irin wannan batir, amma ba duk kayan araha da ake sayowa ta intanet ke binta ba. Gwajin mai sauƙi ne: in murfin ba ya buƙatar sukundireba, ko kina iya ɓalle shi da farce, kada ya shiga jakar yaro. Balan-balan ma ki cire shi daga lissafi, don gargaɗin shaƙewa da ke jikin ledarsa ya shafi duk ɗan ƙasa da shekara 8. Ki mayar da katunan da zobban kanti in da rasiti. Ki sayo takarda mai kauri, da fensir 22, a liƙa ɗaya a jikin kowane katin da ɗanki ya rubuta. Jakar da zai dawo da ita ranar kuma a kan tebur za a zazzage ta, ƙanwarsa tana goye.