Tambaya da Amsa: Mai Son Koyon Naushi da Shuri, Daga Ina Zai Fara?

Mafi yawan wasiƙun da suka iso mana a wannan wata a kan boksin da karate da taekwondo suke, shi ya sa muka ware musu filin baki ɗaya.

Daga wani mai karatu a Zariya: Shekaruna 27, kuma ban taɓa yin wani wasan motsa jiki ba sai ƙwallon unguwa. Shin ban makara ba? Wanne ya fi dacewa in zaɓa?

Ba ka makara ba, ɗan'uwa. Anthony Joshua bai fara boksin ba sai da ya kai shekara 18, amma ya ci lambar zinare a gasar Olamfik ta Landan a 2012, George Foreman kuwa yana da shekara 45 ya sake karɓe kambin duniya a 1994. Game da zaɓi, boksin naushi ne zalla da hannu biyu. Karate, wadda ta samo asali daga tsibirin Okinawa na Japan, ta haɗa naushi da shuri, taekwondo ta Koriya kuma ta fi ba ƙafa muhimmanci, yayin da damben ƙasar Tailan, wanda ake kira Muay Thai, ya ƙara da gwiwar hannu da gwiwar ƙafa. A ganina sunan wasan bai kai mai koyarwar muhimmanci ba. Ka je wurin da ya fi kusa da gidanka ka zauna ka kalli atisaye sau biyu, idan ka ga ana jibgar sababbin shiga ana dariya, ka nemi wani wurin.

Daga wani matashi a Kano: Na cika buhu da yashi na rataye a gida ina naushinsa kullum, yanzu bayan hannuna na dama ya kumbura daidai ƙaramin yatsa. Abokaina sun ce in daure, haka hannu yake yin tauri.

Abokanka sun ba ka gurguwar shawara. Ka daina naushin daga yau, ka je asibiti a ɗauki hoton hannun, domin wurin da ka ambata shi ne ainihin inda ƙashi ya fi saurin karyewa ga wanda bai iya naushi ba, har likitoci suka laƙaba wa wannan karaya sunan 'yan boksin. Hannun ɗan Adam, daga wuyansa zuwa kan yatsu, ƙasusuwa 27 ne ƙanana, ba a halicce shi don dukan abu mai tauri ba. Shi kuwa yashi, da zarar ya kwana biyu a rataye sai ya taru a gindin buhu ya daskare kamar dutse. Gara ka je shagon tela ka tara ƙyallaye ka cusa su sosai a ciki.

Idan ka warke, kada ka sake taɓa buhu sai ka naɗe hannu da bandejin 'yan boksin, wanda tsawonsa kan kai mita huɗu ko fiye, ka ɗora safar naushi a kai. Naushi da gaɓoɓin yatsu biyu na farko ake sauke shi, wato manuni da na tsakiya, wuyan hannu kuma a miƙe yake ba a lanƙwashe ba. Ko 'yan damben gargajiyarmu, da duk taurin ransu, ba su shiga fili sai sun ɗaure hannu da kara da zare. Zan ƙara da cewa buhu ba shi ne darasin farko ba. Ƙarfin naushi daga ƙafa da ƙugu yake tasowa, don haka makonnin farko a kan tsayuwa da taku da tsallen igiya da naushin iska a gaban madubi ake ƙarar da su, abin da yakan gunduri matasa har wasu su gudu tun ba a je ko'ina ba.

Daga wani ɗan dambe a Gusau: Na yi shekara uku ina damben gargajiya, yanzu na koma boksin, amma mai horar da mu ya hana ni karawa da kowa. Ba raini ba ne wannan?

Ba raini ba ne, kiyaye ka yake yi. Ka zo da zuciya da sanin tazara tsakaninka da abokin karawa, waɗanda ba ƙaramin jari ba ne. Sai dai a dambe ka saba miƙa hannu ɗaya gaba a matsayin garkuwa kana dakon lokacin sakin ɗaurarren, alhali a boksin hannayen biyu duk duka suke yi, turmi kuma minti uku ne cur da hutun minti ɗaya, kuma wanda ya bar haɓarsa a buɗe zai sha naushi uku kafin ya mayar da ɗaya. Sake wa jiki tarbiyya yana ɗaukar watanni.

Ranar da aka ba ka izinin karawa, ka sa robar kare haƙora da manyan safofin hannu masu nauyin oza 16, ku kuma yi a hankali, domin karawar atisaye ba neman kisa ba ce irin ta gidan dambe. Hular kariya tana rage tsagewar fata amma ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a cikin ƙoƙon kai, kuma an ma cire ta daga boksin na maza a Olamfik tun gasar Rio ta 2016. Duk wanda ya ji jiri ko amai ko ciwon kai mai tsanani ko ruɗewa bayan duka, to ya tsaya nan take ya ga likita. A ƙa'idar boksin ta waɗanda ba ƙwararru ba, wanda aka sumar yakan huta aƙalla kwana 30.

Daga wata uwa a Maraɗi: 'Yata mai shekara 10 ta nace sai na sa ta a taekwondo. Akwai haɗari?

Hajiya, a wannan shekarun yawanci ana koya wa yara miƙe jiki da taku da shurin matashin da malami ke riƙewa ne, kuma idan za su kara ana sa musu rigar kariya da hula. Ki tabbata ba a barin yara su doki kan juna da ƙarfi, ki kuma nemi ajin da ke da malama ko wanda ake barin iyaye su zauna su kalla. Wasan ba baƙo ba ne a Nijar, domin da shi Abdoulrazak Issoufou Alfaga ya ciyo lambar azurfa a Rio a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017.

Daga wani ɗalibi a Kumasi: Shekara nawa ake yi kafin a sami baƙar ɗamara, kuma ana iya atisaye da azumi?

A karate da taekwondo, inda baƙar ɗamara take alamar ƙwarewa, mai zuwa sau biyu ko uku a mako yakan yi shekara uku zuwa biyar, kuma duk wanda ya yi maka alkawarinta cikin wata shida kuɗinka yake so. Boksin ba shi da tsarin ɗamarar koyo. Batun azumi kuwa, ka mayar da atisaye mai nauyi bayan shan ruwa da kamar awa biyu, ko bayan tarawi, da rana kuma ka taƙaita ga miƙe jiki da naushin iska a inuwa.