Kwaikwayon kwamfuta kaɗai ba zai ishe ka ba

Ka tambaya ko kwaikwayo a manhajar kwamfuta ta MATLAB ya wadatar wajen binciken yadda sola ke taɓa ingancin wutar babban layi, ko sai ka fita ka yi awo. A gaskiya sai ka yi awon, ko da a taransifoma ɗaya ce. Kwamfuta abin da ka ba ta shi take maido maka, kuma inbatar da ke cikinta, wato na'urar da ke juya wutar sola ta zama irin ta babban layi, ta fi ta zahiri ladabi nesa ba kusa ba.

Amma da sharaɗi: kada ka auna na yini ɗaya. Ƙa'idar EN 50160, wadda Turai ta sa kan ingancin wutar babban layi, mako guda take so, ana ɗaukar matsakaicin kowane minti 10. Lokacin da na yi nawa, da hamonik na damu, wato gurɓacewar siffar igiyar wutar, ina ta kwatanta shi da iyakar kashi 8 cikin 100 da ƙa'idar IEEE 519 ta sa wa layin da bai wuce bolt 1,000 ba, sai na ga bai ko kusanci iyakar ba. Ashe matsalar hauhawar boltej ce da tsakar rana, sa'ad da sola ke tura wuta baya zuwa babban layi alhali masu jan ta kaɗan ne. Ranar hutun ƙarshen mako ce ta tona asirin, ita kuwa da farko har na so in tsallake ta.