Amsa ga mai son tayar da Corolla da kayan Carina a Garwa

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Idan na fahimce ka daidai, kana da Corolla ƙirar 1993 mai inji 1.3 na kafireto, bodi lafiya, takardu cikakku, sai dai inji ya buga. Ga kuma wata Carina E 1.6 da ta yi hatsari, tana ajiye a wani garaji nan Garwa ta Kamaru, an yi maka araha, kana so ka saye ta ka kwashe kayanta ka tayar da taka. Makanike kuma ya ce maka ai Toyota duk Toyota ce.

Na daɗe ina irin wannan haɗe-haɗen, nawa da na 'yan'uwa, don haka bari in faɗa maka kai tsaye: aikin zai yiwu, amma ba da kuɗin da kake lissafi ba. Da ni ne, zan bar Carinar nan in nemi Corolla irin tawa sak, ko da ta fi tsada.

Kafin komai, buɗe bonet ɗinka ka leƙa jikin ƙarfen da ya raba inji da cikin mota. Akwai wani ɗan faranti da aka ɗaure a wurin, ka goge ƙurar da yatsa za ka ga lambar ƙira. Corolla irin taka, wadda aka fara fitarwa a 1991, idan ka ga EE100 to injin 2E ne mai kafireto, EE101 kuma 4E-FE ne mai nozul, shi ma 1.3. AE101 ita ce mai 4A-FE 1.6, CE100 kuma mai gas ce, injin 2C. Carina E ɗin da kake magana, in dai 1.6 ce, za ka ga AT190, injinta 4A-FE. Da wannan lambar ake zuwa ciniki, ba da sunan da ke manne a bayan but ba.

To ga inda maganar makanikenka take da ƙamshin gaskiya. Tunda kamfani ya fitar da Corolla mai 4A-FE, akwai wurin zaman injin a bodinka. Amma injin ba ya tafiya shi kaɗai. Bakin giyabos ɗin 2E ba ya haɗuwa da na 4A-FE, sai ka ɗauko giyabos ɗin ma. Daga nan sai maganar kujerun inji da shaf-shaf na gaba, waɗanda za ka koma nemo na AE101 a kasuwa ɗaya-ɗaya. Ƙafar Carina E kuwa noti biyar ce, ta Corolla huɗu, saboda haka rim da faifan birki da hob duk ba su da amfani a gare ka. Gilashi, fitilu, ƙofofi, kujeru, babu wanda zai shiga. Ka ga ka sayi mota guda don inji da giya da wayoyi kawai.

Babban aikin ma yana wajen wuta da mai. Motarka kafireto ce, famfon manta a jikin inji yake, ba ya buƙatar ƙarfi sosai. Inji mai nozul yana son famfo mai matsi a cikin tanki, da bututun da zai jure matsin, da kwamfutar inji wadda makanikai ke kira burenbos, da duk damin wayoyin da suka taso daga inji suka ratsa zuwa ƙarƙashin dashbod. Sai ka samu mai gyaran wuta wanda ya iya karanta zanen waya, ba mai yanka ya murɗa ya naɗe da leda ba. Wani maƙwabcina ya yi irin wannan sauyin, mota ta tashi lafiya, amma duk ranar da aka yi ruwa ko aka kai ta wanki sai ta ƙi tashi, don an haɗa wayoyi fiye da ashirin da hannu a bayan batir. Ya ƙare da sayen wani damin wayar dungum.

Akwai kuma abubuwa biyu da suka shafi Carina E ita kanta. Da yawa daga cikin masu 1.6 da 1.8 an yi su da tsarin tsimin mai, suna da wata na'ura ta musamman a bakin salansa da ke auna hayaƙi, wadda ba irin ta sauran motoci ba ce, kuma samun ta a nan wahala ne. Na biyu, motocin Turai na ƙarshen shekarun 1990 suna zuwa da makulli mai ɗan guntun lantarki a ciki. In Carinar da za ka kwashe kayanta tana da shi, dole makulli da zoben da ke bakin makulli da akwatinsa da burenbos su taho tare. Ka rasa ɗaya, inji zai yi ta juyawa ba zai kama ba.

Shi ya sa nake cewa ka nemi EE100 da aka daka ta baya ko ta gefe, inji bai taɓu ba. Wannan kam cire ka ɗora ne, makanike mai hankali ba zai wahala ba, kuma duk abin da ya rage a jikinta ajiya ce gare ka: kafireto, sitata, altaneta, lagireto, shokozoba, har hannun ƙofa. In kuwa ranka ya kafe a kan 1.6, to AE101 za ka nema, ka kwashe komai har tanki da agogon dashbod. Ni dai a ƙasar da muke shan zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake tsallako da shi daga Najeriya, daga kwalba a bakin hanya, ban raina kafireto ba. Datti ya shiga, a kwance a hura a mayar. Nozul da famfon tanki ba su da wannan haƙurin, ga shi tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 zuwa-zuwan ma ya daina arahar da muka saba, balle a ce ƙaramin inji abin gudu ne.

Ka lura da ɓangaren sitiyari. Mu a Kamaru da Cadi da Najeriya sitiyarinmu a hagu yake. Wani lokaci ana shigo da rabin mota yankakkiya daga Japan ko Ingila mai sitiyari a dama. Injinta zai yi maka, amma rak ɗin sitiyari da dashbod ba za su yi ba, wayoyin ma tsawonsu ya saɓa.

Yanzu yadda za ka duba motar da za ka saya. Kada ka yarda a ce maka inji lafiya da baki, sai ka ji kukansa. Ka je da sassafe ba tare da ka sanar ba, ka tafi da batir ɗinka da galan na mai. Kafin a tayar, ɗora tafin hannunka a kan inji. In ka ji ɗumi, an riga ka an ɗumama shi don ya ɓoye ƙara, ka dawo wata rana. Buɗe murfin baƙin mai ka juya shi: in ka ga wani abu fari-fari mai kauri ya manne kamar kindirmo, ruwa na haɗuwa da mai, gaskit ya ƙone ko kan silinda ya tsage. Buɗe murfin lagireto tun inji na da sanyi, a tayar, ka tsaya kana kallon ruwan. Kumfa na tasowa ba tsayawa, matsalar ɗaya ce. Sannan ka koma baya, wani ya taka totur ya saki. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin inji na cin baƙin mai. Ka kunce fulogi huɗun ka jera su a ƙasa, wanda ya fita dabam da 'yan'uwansa zai nuna maka silindar da ke ciwo.

Wani abin da mutane ke mantawa shi ne ruwa. Kogin Binuwai ya yi ambaliya a 2012, Njamena ta sha ruwa a 2022, Yagwa da kewayenta a 2024, kuma motocin da suka kwana cikin ruwa ba a zubar da su, ana wanke su a sayar. Ɗaga kafet ɗin ƙarƙashin kujerar direba, sa yatsa cikin layin da kujera ke gudu, leƙa ramin safaya taya. In ka taɓo busasshen laka mai laushi, ko ka zare soket ɗin waya ka ga kore-kore a bakin ƙarfen, to kayan wutarta sun tashi aiki, ko da yau suna yi.

Maganar takarda kuwa, ka riƙe ta da kyau. Kart giriz, wato takardar rajistar mota, lambar shasi take bi, shi ya sa bodinka mai takardar duwan (kwastan) da komai cikakke ya fi injin daraja, kuma shi za a gina a kai. Kada wani ya ba ka shawarar a yanko lambar shasi daga wannan a liƙa a waccan da walda, wannan hanyar gidan yari ce. Motar da za ka saya ma, ko ta zama gwangwani, ka ga takardunta da katin shaidar mai ita, a rubuta takardar sayarwa a buga mata hatimi a kwamisariya, wato ofishin 'yan sanda. Mota mai araha da ba takarda, wataƙila ta sata ce aka tsallako da ita, ranar da jandarma suka biyo sawu a ƙofar gidanka za su same ta. Kuma in ka sauya girman inji ko ka koma gas daga fetur, abin da ke rubuce a kart giriz ya saɓa da abin da ke cikin bonet, sai ka je ofishin sufuri a gyara, in ba haka ba za ka sha tambaya a bizit teknik, wato wurin duba lafiyar mota, da wajen masu asirans, wato inshora.

A wajen kuɗi, kada ka zuba duka a sayen motar. Ka ware kamar kashi ɗaya cikin uku don abubuwan da ba a ɗaukowa daga tsohuwar mota: taimin bel, famfon ruwa, faifan kuloci, sil na gaba da na bayan karanshaf, robobin ruwa, takalman birki, filtar mai. Duk waɗannan a sa su tun inji yana ƙasa, don sil ɗin baya na 'yan kuɗi kaɗan in ya fara yoyo daga baya sai an sake sauke giyabos. Wanda ba ka samu a Garwa ba, masu shaguna suna yin odarsa daga Kam Yabasi a Duwala, ko a shigo da shi ta Yola ko Mubi. Ka ba su tsohon a hannu ko hotonsa da lambarsa, kada ka aika da suna kawai.

Sai wata al'ada ta makanikanmu da ba na so: cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, wai saboda zafin Maris da Afrilu. Zafin gaskiya ne, muna haura digiri 40, amma maganinsa lagireto mai tsabta da murfi mai kyau da fanka mai aiki. A inji mai nozul ma cirewar ɓarna ce, burenbos zai ɗauka inji bai ɗumama ba ya yi ta ƙara mai.

In da hali, a ja motar da ka saya a kawo gidanka, ba garaji ba. A garaji yau a ari sitata don gwaji, gobe a ari rile, ba mai dawowa. Ku yi jinga da makanike a kan aikin gaba ɗaya, ka riƙe wani kaso sai mota ta tashi. Kafin a zare kowace waya ka ɗauki hoto da wayarka, notocin kowane sashe a zuba a gwangwaninsu dabam a rubuta suna. Kuma kada ka sayar da ko kusa ɗaya daga jikinta sai taka ta yi wata guda tana yawo, don kullum akwai wani ɗan ƙarfe ko soket da za a koma nema. Bayan nan ka sayar da ƙofofi da gilasai da fitilu, ragowar ƙarfen masu awo su ɗauka, amma farantin lamba da takardunta su zauna a hannunka.

Ranar da ta tashi kada zumuɗi ya sa ka nufi Ngaundere, hawan dutsen nan na bayan Mbe ba wurin gwajin sabon haɗi ba ne. Ka je Pitowa nan kusa ka dawo, idonka a kan allurar zafi, ka ajiye ta a wuri mai tsabta ta kwana, da safe ka duba ƙasa ko ta ɗiga. Sannan a sake bin notocin kujerun inji da na ƙafa da sifana. Ka turo mana hoton farantin motarka da na Carinar, da hoton inda ta daku, sai mu ga ko akwai abin da ya cancanci ka saya a jikinta shi kaɗai.